Ina Masinja, Ina Mai Shara?

Jama'a, idan aka tambayi ɗalibai goma a ajinmu abin da suke so su zama, takwas za su ce aikin ofis. Babu ko ɗaya da zai ce aikin shara. Ni ma da haka nake, sai da na zauna na duba yadda ayyukan nan biyu suke tafiya a Jihar Kano, na ga ashe lissafinmu da gyara.

A zamanin kakanninmu, ofishin Gwamnati ko na En'e ba ya cika sai da ƙananan ma'aikata: akawu, da mai buga tafireta, da masinja, da mai gadi, da lebura mai share harabar ofis. Albashinsu kaɗan ne, amma aikin na dindindin ne. Mutum ya san ƙarshen wata za a biya shi, in ya tsufa kuma ga fansho. Da aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, har masinja sai da ya ji a aljihunsa. Da irin wannan aiki iyaye da yawa suka sa 'ya'yansu makaranta.

To, yau ina suke? Kwamfuta ta kori tafireta, wayar hannu ta rage wa masinja zirga-zirga. Wannan babu laifin kowa, zamani ne. Abin da ya fi damuna shi ne wanda mutum ya yi da hannunsa. A mulkin Shugaba Obasanjo, daga 2003, Gwamnatin Tarayya ta shiga gyaran aikin gwamnati, ta sallami dubban ƙananan ma'aikata, ta ce aikin shara da gadi a ba 'yan kwangila. Bankuna da manyan kamfanoni ma haka suke yi. Watau aikin yana nan, tsintsiyar ma ita ce, sai dai mai riƙe da ita ba ma'aikacin gidan ba ne. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗi, ya cire rabonsa, ya miƙa saura. Babu fansho, babu ƙarin girma, ran da kwangila ta ƙare kowa ya kama gabansa.

Ita kuwa shara kullum ƙaruwa take yi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, kuma tun daga nan ba raguwa muka yi ba. Sharar ma ta sake kama. Da, toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa, manoman kewayen birni su zo da jakuna su kwashe su kai gona ta zama taki. Yanzu leda ce da robar lemo, ba sa ruɓewa, sai su toshe lambatu, da damina ruwa ya shiga gidajen mutane. Tsabtace muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga Yaƙi da Rashin Ɗa'a na Janar Buhari da Idiagbon a 1985, ba ta isa ba. Me rana ɗaya za ta yi wa dattin kwana talatin?

Saboda haka aiki yana nan jibge a bola. Akwai mata masu share tituna tun da asuba, da direbobi da leburorin motocin Hukumar Kwashe Shara, wato REMASAB, da masu tura kura gida gida, da 'yan jari bola masu tsince ƙarfe da roba su kai sikeli. Amma su ma ba a bar su sun zauna daram ba. A 2021 Gwamnatin Jiha ta miƙa kwasar shara ga wani kamfani, ba a daɗe ba aka soke yarjejeniyar, aikin ya koma hannun hukuma. Duk lokacin da manya suka yi irin wannan juyi, ƙaramin ma'aikaci ne yake kwana bai san wa zai biya shi gobe ba.

Wani zai ce ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai Naira 70,000 a 2024. Gaskiya ne. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma masu aikin 'yan sa'o'i. Ta wannan ƙofa ƙananan 'yan kwangila da yawa suke sulalewa.

Ni a nawa ɗan ƙaramin ra'ayi, duk wanda zai karɓi kwangilar shara ko gadi daga Gwamnatin Jiha, a rubuta masa a takarda cewa ba zai biya ma'aikaci ƙasa da wannan kuɗi ba, ko mutum nawa ya ɗauka. A tilasta masa ba su safar hannu da takalmin roba, domin a cikin bola akwai fasasshiyar kwalba da allurar asibiti. Wanda kuma ya shekara yana share titi ɗaya, a ba shi takardar aiki ta dindindin.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. A makaranta shara horo ce, wanda ya makara shi ake miƙa wa tsintsiya. Yaron da ya shekara shida yana ganin tsintsiya abar hukunci, ran da ya zama babban sakatare a ma'aikata, da wane ido zai dubi takardar albashin mai shara?