Ra'ayinmu: Kwana Goma Sha Biyu a Gaɓar Morishas

A ranar 25 ga watan Yuli na shekarar 2020, da magariba, wani ƙaton jirgin ruwa na dakon kaya mai suna Wakashio ya hau kan duwatsun murjani a kudu maso gabashin tsibirin Morishas, ya kafe. Tsawon jirgin ya kai wajen mita 300. Daga ƙasar Sin ya taso, ya biya ta Singafo, ya nufi Barazil, kuma babu kaya a cikinsa sai man da injinsa yake sha, wanda ya kusa tan 4,000. Jirgin ya kwana goma sha biyu a nan, igiyar ruwa tana dukansa dare da rana, mutanen garin Mahebur suna hangensa daga bakin gaɓa. Ran 6 ga Agusta jikinsa ya tsage, mai ya fara tsiyaya. Kafin a kwashe sauran, kimanin tan 1,000 ya riga ya malala cikin ruwan da masunta suke ci daga gare shi tun kaka da kakanni. Ran 15 ga wata jirgin ya rabe gida biyu.

Mun zaɓi mu yi magana a kan wannan al'amari ne domin akasarin masu karanta wannan mujalla, in ba su riga sun zauna a ofis ba, to gobe za su zauna. A ganinmu, rabin wannan masifa a teku ta auku, rabi kuwa a kan teburan ma'aikata aka shirya ta, shekaru da yawa kafin jirgin ya baro Singafo.

Bari mu fara da abin da mai yake yi wa gaɓar teku, don mutumin da ya tashi nesa da ruwan gishiri yana iya zaton ruwa mai yawa zai wanke kome. Man da manyan jirage suke ƙonawa mai kauri ne, mai danƙo, ba ya bin iska da sauri kamar fetur. In ya zuba sai ya shimfiɗu a kan ruwa, iska ta kora shi gaɓa. A ƙasashe masu zafi, gaɓar takan kasance cike da wani kurmi na itatuwa masu tsiro cikin taɓo da ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu suke ɓullowa sama domin su sha iska. Idan mai ya shafe waɗannan saiwoyi, itacen ya shaƙe ke nan. Alhali kuwa a cikin wannan kurmi ne kifi da jatan lande da ƙaguwa suke ƙyanƙyashewa su girma kafin su fita babban ruwa, kuma shi ne yake tare wa ƙasa zaizaya. Ƙwan kifi da 'ya'yansa ba su jure ko ɗan kaɗan na dafin mai. Tsuntsu kuwa, da zarar mai ya taɓa gashinsa sai ruwa ya shige shi, sanyi ya kama shi, in ya yi ƙoƙarin gyara gashin da baki ya haɗiye guba.

Mafi muni shi ne daɗewa. Yashin bakin teku ana iya kwashe shi, dutse ana iya wanke shi, amma taɓon kurmi ba iska a cikinsa, saboda haka man da ya nutse ciki ba ya ruɓewa da wuri, kuma shiga da injuna don a tono shi yakan fi barinsa ɓarna. Masu bincike na Jami'ar Curtin ta Ostareliya sun sami man Wakashio a cikin taɓon kurmin Morishas bayan kusan shekara uku da haɗarin. Wurin da jirgin ya kafe kuwa yana dab da fadamar Pointe d'Esny da gandun ruwa na Blue Bay, waɗanda dukansu suna cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta keɓe saboda darajarsu, da kuma wani ɗan tsibiri inda aka shekara da shekaru ana renon tsuntsaye da tsirrai waɗanda babu irinsu a ko'ina a duniya sai a Morishas.

Wannan ba shi ne karo na farko da jirgin kaya ya yi irin wannan ta'adi ba. A watan Yuni na 2000, jirgin tama mai suna Treasure ya nutse kusa da birnin Kef na Afirka ta Kudu, mai ya shafe tsuntsayen fengwin wajen 19,000. A watan Oktoba na 2011, jirgin kwantena mai suna Rena ya hau dutse a gaɓar Niyuzilan, ya zubar da kimanin tan 350, aka tsinci gawar tsuntsaye wajen 2,000. Duk waɗannan ba tankokin dakon mai ba ne. Kowane babban jirgi, ko shinkafa ya ɗauko ko siminti, yana tafe da dubban tan na mai a cikinsa, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku suke bi.

To, me ya kai Wakashio kan dutse? Shari'ar da aka yi ta nuna cewa an karkatar da jirgin kusa da tsibirin ne domin wayoyin ma'aikatansa su kama layi su gaisa da iyalansu, a lokacin da annobar korona ta tsare ma'aikatan jirage a teku wata da watanni. A daren kuma ana shagalin ranar haihuwar ɗaya daga cikinsu, kyaftin ɗin ma ya amsa cewa ya sha giya. A watan Disamba na 2021 kotun Morishas ta ɗaure kyaftin, mutumin Indiya, da mataimakinsa, mutumin Siri Lanka, wata ashirin ashirin. Ba mu da ja a kan wannan hukunci. Wanda aka damƙa wa amanar jirgi ya yi sakaci da ita, dole ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma in aka tsaya a kan mutum biyu, an kama reshe an bar tushe.

A dubi yadda aka rarraba alhakin jirgin. Mai shi kamfanin Nagashiki ne na Japan. Wanda ya yi hayarsa wani kamfanin Japan ne, Mitsui O.S.K. Lines. Tutar da yake ɗauke da ita ta Fanama ce. Ma'aikatansa ashirin mutanen Indiya ne da Siri Lanka da Filifin. Gaɓar da ya ɓata kuwa ta wata ƙaramar ƙasar Afirka ce mai mutane wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, wadda ba ta da ko sisi a cikin ribar tafiyar, jirgin ma ba zai tsaya a tasharta ba. Wannan al'ada ta yi wa jirgi rajista a ƙasar da ba ta mai shi ba, kamar Fanama ko Laberiya ko Tsibiran Mashal, ita ce ta sa riba take tafiya gida guda, alhaki kuwa ya watsu har a rasa wanda za a riƙe.

Sai maganar diyya, kuma a nan muke so 'yan'uwanmu masu karatun lauya da masu shirin shiga ma'aikatar harkokin waje su buɗe kunne. Dokokin duniya sun bambanta tankar dakon mai da jirgin kaya. Da a ce Wakashio tanka ce, yarjejeniyoyin 1992 da Morishas take cikinsu za su iya ba ta diyya har wajen dala miliyan 286. Tun da jirgin kaya ne, sai maganar ta faɗa ƙarƙashin yarjejeniyar 2001 ta man injin jirage, wadda ta bar wa mai jirgi damar ya iyakance abin da zai biya bisa girman jirginsa. Ita wannan iyaka tana da tsohon ma'auni na 1976 da sabo na 1996. Hukumar Ciniki da Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a lokacin cewa da sabon ma'auni iyakar za ta kai wajen dala miliyan 65, da tsohon kuwa wajen miliyan 18. A ranar da jirgin ya kafe, Morishas tana kan tsohon. Watau takarda ɗaya da ba a sa wa hannu ba tana iya hana masunta da iyalansu dala miliyan arba'in da wani abu. Kamfanin da ya yi hayar jirgin ya yi alkawarin yen biliyan ɗaya, wajen dala miliyan tara, don gyaran muhalli da taimakon jama'a. Madalla da wannan, amma kyauta daban, haƙƙi daban.

Haka nan maganar kwana goma sha biyun nan. Gwamnatin Firayim Ministan lokacin, Pravind Jugnauth, ta ce haukar teku ce ta hana a kwashe man da wuri, kuma gaskiya ne lokacin na iska ne a wannan yanki. Amma a watan Yuni na 2016 wani jirgin kaya mai suna Benita ya riga ya kafe a wannan ɓangare na tsibirin. An sami gargaɗi na shekara huɗu. Duk da haka, da mai ya fara zuba, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ran 7 ga Agusta, ta fito fili ta ce ba ta da kayan aiki ko gwanintar da za ta tunkari abin, ta nemi agajin Faransa da sauran ƙasashe. Wannan shi ne ihu bayan hari. Ba a nan asarar ta tsaya ba: a ƙarshen watan, wani jirgin ja da yake cikin aikin ya nutse, wasu daga cikin ma'aikatansa suka rasa rayukansu.

Abin da ya fid da ƙasar kunya shi ne talakawanta. Dubban mutane, masunta da ɗalibai da matan gida, suka fito suna ɗinka dogayen buhuna, suna cusa busasshen ganyen rake, suna ɗaura musu robobin ruwa don su yi iyo, suna ja cikin ruwa su tare man. Masu aski suka riƙa tara gashi, don gashi yana tsotse mai. Da aka fara tsintar gawar dabbobin ruwa irin su dolfin, fiye da 40, hukuma ta ce binciken da ta yi bai nuna mai a jikinsu ba, jama'a kuwa suka ƙi yarda, domin wanda ya yi jinkiri a farko da wuya a gaskata shi a ƙarshe. Ran 29 ga Agusta dubun dubatar mutane suka cika titunan Fot Luwis, babban birnin ƙasar, suna neman a yi musu bayani. An hana kamun kifi a yankin, ga baƙi masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa saboda annoba, sai masunci ya rasa tudun dafawa.

Wani zai ce, ina ruwan mai zaune a Kano ko Sakkwato da tekun Indiya? Ruwansa ya yi tsaki. Taki da magani da kayan gyaran mota da muke saye a kasuwanninmu ta Apapa da Tin Kan da Onne suke shigowa, na 'yan'uwanmu na Nijar kuwa sun daɗe suna bi ta Kwatano da Lome. Gaɓar tekun Nijeriya ta kai wajen kilomita 850, kuma a yankin Neja Delta ne kurmin gaɓa mafi girma a Afirka yake. Mun kuma san abin da mai ya riga ya yi a can: rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle kai da naka ya riga ya fara hayaƙi.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya rataya a wuyansu, watau hukumar kula da jiragen ruwa ta NIMASA da hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 don tunkarar malalar mai, da su yi abu huɗu. Na farko, a bi yarjejeniyoyin diyya ɗaya bayan ɗaya a tabbata muna kan sabon ma'auni, a kuma tabbata Majalisar Tarayya ta mai da su doka, tun da sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka a ƙasar nan sai an yi haka. Na biyu, a ajiye shingayen tare mai da injunan zuƙa da jiragen ja kusa da kowace babbar tasha, a riƙa gwada su a kai a kai, kada su zama sunaye a cikin fayil. Na uku, a sa ido dare da rana a kan jiragen da suke wucewa, duk wanda ya kauce hanya ya doshi gaɓa a kira shi nan take. Na huɗu, a rubuta sunayen masunta da abin da suke samu tun yanzu, domin ranar neman diyya kotu hujja take tambaya, wanda ba shi da takarda kuwa haƙƙinsa ya bi ruwa.

Gare mu ɗalibai kuma, kada mu raina darasin da ba a jin sunansa a gari. Ƙasar nan tana bukatar masana dokar teku da masana halittun ruwa da masu auna gurɓatar ƙasa, kuma ba a ce sai ɗan bakin teku zai karanta su ba. Ga matasan ma'aikata, muna tunatar da ku cewa fayil ɗin da ya kwana shekara a kan tebur ba tare da an tura shi gaba ba, wata rana yana iya zama abincin dubban gidaje. Mutanen Morishas sun tare mai da ganyen rake da gashin kansu, mun jinjina musu. Amma aikin hukuma shi ne ta shirya tun da sauran lokaci, yadda talaka ba zai shiga baƙin ruwa da hannu tsirara ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin haka, mu kuma ya sa mu riƙe amana in ta zo hannunmu.