LAMBAR GIDA: A HANNUN WA ZA TA ZAUNA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan uwa, duk wanda ya san Fagam da ƙauyukan Gwaram ya san yadda saƙo ke isa ga mai shi. A rubuta sunan mutum, a ce ta hannun mai unguwa, ko liman, ko direban motar Birnin Kudu. Yakan yi jinkiri, wani lokaci ma ya salwanta. Amma idan baƙuwar fuska ta zo cigiyar gida, sai an tambaye ta: lafiya?

Wannan tambayar ce sabon tsari zai kawar. A 2017 hukumar gidan waya, NIPOST, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin what3words na Ingila, wanda ya yanka duniya fili-fili, kowanne mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, ya laƙaba masa kalmomi uku. A shekarar ce kuma Ghana ta fito da nata mai suna GhanaPostGPS. Duk mai riƙe da lambarka, wayarsa za ta kawo shi har bakin zaurenka ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Ba mu musun amfanin abin. Takardar makaranta za ta iso, mai kawo magani ba zai ɓata ba. Tambayarmu ita ce: rajistar da ta haɗa suna da gida, wa zai riƙe ta? Tun Disambar 2020 aka tilasta wa jama'a haɗa layin waya da lambar NIN. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo wani shafin intanet yana sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan Naira 100 kacal. To, in aka ƙara da ƙofar gida fa? Ɓarawo da mai garkuwa da azzalumi sun huta da neman ɗan jagora ke nan!

Addininmu ya riga kowa. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Gida hurumi ne.

Ku matasa, ku ne masu wayar, ku iyaye za su miƙa wa su ce a cike masu. Kada ka ba da lambar gidan ɗan uwanka sai da yardarsa. In saƙo ne, ba da ta shago ko ta makaranta, ka je ka karɓa. In hukuma ce ta nema, tambaye ta: me za a yi da ita, wa zai gani? Dokarsu ta kare bayanai ta 2023 ma ta ba ka wannan haƙƙi.

Amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalam.