Kwano, gaba da ƙawance: littattafan da ake kira hirar mata

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tarurrukan malamai da na ƙungiyoyin raya al'adu, daga Yamai har Damagaram, duk lokacin da aka zo zaɓen littafin da za a ba ɗalibai ko wanda za a tattauna a kansa a gidan al'adu. In littafin na yaƙi ne, ko na sarauta, ko na gwagwarmaya da Nasara, sai a gyaɗa kai a ce wannan shi ne adabi. In kuwa labarin yarinya ne da ƙawayenta, da wadda aka hana wa ƙosai, da wadda aka yi gaba da ita, da wadda ta ture kwanon tuwo ta ƙi ci, sai a yi murmushi a ce ai wannan hirar mata ce, a bar su da abinsu. Masu wannan magana yawancinsu mutane ne masu karatu, kuma shi ya sa maganar tasu take da illa, domin su ne ke riƙe da makullin kabad ɗin littattafai.

Babu mai musun darajar Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ko fim ɗin da Med Hondo ya ciro daga cikinsa har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ya kamata kowane ɗan Nijar ya san abin da ya faru a Lugu a 1899. Sai dai yarinya mai shekara 12 da ke aji na biyu a kwalej, ba rundunar Voulet da Chanoine ke hana ta barci ba. Ƴan mata uku ne ke hana ta, waɗanda suka ƙulla tun jiya cewa gobe ba mai amsa gaisuwarta, ba mai matsa mata a benci, kuma in ta zo wajen mai fanke za a juya mata baya.

Marubuciyar Kanada Margaret Atwood ta rubuta littafi sukutum a kan wannan. Cat's Eye ya fito a 1988, kuma masu karanta Faransanci za su same shi da sunan Œil-de-chat. Elaine Risley mai zane ce da ta manyanta, ta koma birnin Toronto don a baje kolin ayyukanta, sai ƙuruciyarta ta taso mata. Mahaifinta masanin ƙwari ne, ta tashi a daji tare da yayanta namiji, ba ta san ƙa'idojin zama da ƴan mata ba. Da ta shiga lakol a birni ta sami ƙawaye uku, Carol da Grace da Cordelia, kuma su ukun suka ɗauki aikin gyara ta. Sukan sa ta wuce gaba su bi ta a baya suna ƙirga laifin tafiyarta. Sun taɓa saka ta cikin rami suka rufe da katako da ƙasa da sunan wasa. Wata rana da hunturu Cordelia ta jefa hularta cikin kwazazzabo ta ce ta sauka ta ɗauko, ƙanƙarar rafin ta fashe da ita, suka tafi suka bar ta. Abin da ya sa littafin ya fi ƙarfin labarin mugunta kawai shi ne duk wannan ana yin sa ne da sunan ƙauna. Ba a taɓa ce mata maƙiyiya ba. Kullum ana gaya mata don amfaninta ake yi. Da mari ne da ta san sunan abin, da ta kai ƙara. Tunda ƙawaye ne, sai ta koma kan jikinta, tana ɗaye fatar ƙafafunta da dare har su yi jini, da safe ta sa safa ta tafi makaranta.

Amsar da aka saba ji ita ce wannan ciwon ƴaƴan Turawa ne, a ƙasar Hausa yara suna da tarbiyya. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya ce kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya abokan karatunsa sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin 100. Amma mai jin Hausa ba ya ma bukatar alƙaluman UNESCO. Ya duba harshen kansa. Akwai gori, akwai habaici, akwai zunɗe, akwai harara da tsaki da yatsina, akwai tsegumi, akwai gaba, kuma kowace kalma da aikinta daban: gori ya tona asalin mutum ko talaucin gidansu, habaici ya soki mutum ba a ambaci sunansa ba don kada ya sami bakin ramawa, gaba kuwa ta mayar da shi kamar ba ya wurin. Al'ummar da ta ƙera kalmomi masu kaifi haka ba za ta ce ba ta san abin ba. Faransanci ya tara su duka cikin harcèlement scolaire, kuma takardun ma'aikata suna maimaita kalmar har ta zama kamar wata baƙuwar cuta da aka shigo da ita ta jirgi. Malamin da zai karanta wa ajinsa shafi biyu na Atwood, sannan ya ce kowa ya faɗi da Hausa sunan abin da Cordelia ta yi, zai ji ajin ya yi tsit.

Akwai wata mata a littafin, Madam Smeath, uwar Grace, wadda ta san abin da ake yi wa Elaine ta kuma ga ya dace, don a ganinta horon Allah ne a kan ƴar gidan da ba su zuwa coci. Uwar Elaine ita ma ta hango wani abu, ta rasa yadda za ta yi. Waɗannan mata biyu su ne hoton manya a tsakar makaranta. Mushe yana raba faɗa in ya ga an yaga riga ko an fasa baki, amma in yarinya ta shafe wata biyu tana zaune ita kaɗai a gindin bedi, sai ya ce ai yara ne, gobe za su shirya. Addinin da akasarin malaman nan ke bi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, kuma ana koyar da wannan hadisi a makarantun Islamiyya, amma da wuya a ji an ɗauko shi don ƴar aji shida.

Batun abinci ya fi tsauri, kuma a nan masu raina waɗannan littattafai suke da hujjar da ta cancanci a saurare ta. Suna cewa a ƙasar da ta ga yunwar 2005, inda cibiyoyin jinyar tamowa na jahar Maraɗi suka cika da yara, abin kunya ne a zaunar da ɗalibai a karanta musu labarin ƴar gata mai ƙin abinci. Littafin da ake nufi shi ne Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga ƴar Zimbabuwe, shi ma na 1988, wanda aka juya zuwa Faransanci da sunan À fleur de peau. Wanda ya karanta shi ya san ba da ƴar gata ya fara ba. Ya fara ne da Tambu, ƴar ƙauye a Rodeshiya ta shekarun 1960, wadda aka cire daga makaranta don kuɗin gidan na mutum ɗaya ne, mutumin kuwa yayanta ne Nhamo. Ta share ƴar gona ta shuka masara don ta biya wa kanta, masarar na nuna Nhamo ya riƙa sacewa yana raba wa yaran makaranta. Ranar da aka yi walimar dawowar baffanta Babamukuru daga Ingila, maza suka ci nama a ɗaki, mata da yara a madafa suka tarar da romo da ganye. Sannan ne ake zuwa ga Nyasha, ƴar Babamukuru, wadda ta tashi a Ingila har harshen Shona ya kuɓuce mata, ƴan makarantar mishan suna yi mata gorin ta ɗauki kanta Baturiya, uban kuma yana tsaye a kanta sai ta cinye abin da ke cikin farantinta don a san waye mai gida. Takan cinye, ta shiga bayi ta amayar. Da jikinta ya ƙare aka kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, Bature, ya ce ai ƴan Afirka ba su irin wannan ciwo. Malamin da ya ce wannan ciwon Turawa ne, maganar wancan likitan yake maimaitawa bai sani ba.

Dangarembga ta ɗauko sunan littafin daga gabatarwar da Sartre ya yi wa Les Damnés de la terre na Fanon a 1961. Wato ita da kanta ta ce labarin kwano da faranti labarin mulkin mallaka ne, kuma ta nuna cewa yunwar Tambu da aman Nyasha gida ɗaya suka fito: wa ke ci da farko, wa ke cin saura, wa ke da ikon cewa ya ƙoshi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake raba kaza a babban gida, inda cinya take zuwa da inda wuya da ƙafafu suke zuwa, ba ya bukatar a fassara masa.

A Nijar ma matsin da ke kan jikin yarinya sau da yawa ta ɗaya ɓangaren yake zuwa. Rebecca Popenoe, wadda ta zauna cikin Larabawan Azawak a arewacin jahar Tawa, ta bayyana a littafinta Feeding Desire na 2004 yadda ake fara ɗura wa yarinya madara da kunun hatsi tun tana zubar da haƙoran farko, don ƙiba ita ce kyau da mutunci. Zabarmawa suna da hangandi. A garuruwa kuma ƴan mata na sayen ƙwayoyin sa ƙiba a hannun masu tallar magani, waɗansu daga ciki magungunan wata cuta ne dabam, masu kumbura fuska da lalata jiki. Yarinyar da ake kira tsinke ko sillen kara a gaban aji, ita ce gobe za a gani a gaban mai tallar nan da kuɗin da aka ba ta na ƙosai.

Abin takaici shi ne adabin Hausa bai taɓa raina waɗannan abubuwa ba sai da ya shiga hannun masu zaɓe. Tatsuniyar Ta-kitse labarin kishi ne da madafa. Ƴar bora da ƴar mowa sun cika tatsuniyoyi, kuma kusan koyaushe da ƙanzo ko ƙosai ko kwanon wanki ake nuna bambancinsu. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta gina labarin Rabi a kan kuɗin cefane: miji mai kanti yana ba da abin da bai isa ciyar da yara tara ba, ya kore ta don amarya, ta rayu da sayar da abinci. An buga fassarar Ingilishi ta littafin a Indiya a 2012. A Kano kuwa, a 2007, an tara littattafan Hausa na soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka cinna musu wuta a bainar jama'a. A cikin waɗancan littattafai akwai tarkace da yawa, wannan gaskiya ne, amma ashana ba ta iya tantance tarkace da Balaraba.

Ko littafin da kowa ya yarda da shi, Une si longue lettre na Mariama Bâ, na 1979, wanda ya ci kyautar Noma a 1980, karatun da ake yi masa a lise ya cika tsayawa a kan auren mace fiye da ɗaya. Ana mantawa cewa littafin wasiƙa ce daga ƙawa zuwa ƙawa. Ramatoulaye da Aïssatou sun taso tare tun hanyar makarantar allo, kuma cikin abubuwan farko da Ramatoulaye ta tuna akwai ɗanyen mangwaro da barkono da suke gutsura bi da bi. Da mijinta ya yashe ta, Aïssatou ce ta saya mata mota. Auren kowaccensu ya watse, ƙawancen bai watse ba. Ga kuma ɗaya fuskar: Binetou, amaryar da Modou Fall ya auro, ƙawar ƴarsa Daba ce, tare suke bitar darasi a cikin gidan. Da wuya a tambayi ɗalibi abin da Daba ta rasa ranar nan, alhali ta rasa uba ta kuma rasa ƙawa, kuma ƴan matan da ke zaune a ajin sun fi kowa sanin nauyin ta biyun. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta aka buga a 1954, ta bayyana ƙawance a matsayin alƙawari mai ƙa'idoji, da musayar kyauta da abinci da gudunmawar biki da suna har tsufa. Al'adar da ta ba zumuncin ƴan mata wannan matsayi ita ce yau ake fakewa da ita a ce ba abin rubutu ba ne.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun da hukumomin Nijar suka sa gina gidajen kwana na ƴan mata ƴan kwalej a gaba a 2021, don rage barin makaranta da auren wuri. Manufar mai kyau ce. Amma gidan kwana wuri ne da yarinya ba ta da inda za ta gudu in an tashi daga aji. Wadda aka yi gaba da ita da rana, da masu gabar za ta kwana. A can ne ake sanin wace ce ke raba nama, wace ce ke wanke kwanon manya, wace ce iyayenta ke aiko mata da ƙuli-ƙuli da garin rogo ta zama sarauniyar ɗaki, wace ce kuma ake lakaba wa sunan ƙauyensu har a manta sunanta na yanka. In wata ta tattara kayanta a tsakiyar shekara ta koma gida, rajista za ta rubuta cewa ta bar makaranta, rahoto kuma zai ɗora laifin a kan iyaye ko talauci. Mai kula da ɗakin kwanan an koya mata ƙirga katifu da rufe ƙofa, amma ba wanda ya miƙa mata littafin da zai sa ta duba ƙafafun yarinyar da ba ta cire safa.