Dutsen da Bai Karɓi Baƙo Ba: Da Wace Hausa Za Mu Hau Tsauni?

Wani tsohon ɗalibina, mutumin Faskari da aiki ya kai shi gabashin Afirka, ya zo gida ganin dangi bayan ya hau Kilimanjaro. Ya biyo ta wurina gaisuwa, a cikin hira ya ba ni labarin yadda ta kaya tsakaninsa da kawunsa. Yana ba su labarin tafiyar a zaure, har ya zo wurin da wani abokin hawansu ya fara ciwon kai, daga nan sai amai, can cikin dare ya shiga tangaɗi da sambatu, yana kiran sunayen mutanen da ba sa wurin. Dattijon ya tambayi abin da ya sami mutumin. Shi kuwa, a ƙoƙarin mayar da abin da aka koya masa da Ingilishi zuwa Hausa, sai ya ce matsalar iska ce. Kawun ya gyaɗa kai ya ce, "Ai dama, ɗana. Dutse irin wannan ba ya rasa masu shi. Da kun tofa masa addu'a kun bar shi ya kwanta, kafin gari ya waye sun sake shi."

"Malam," in ji ɗalibin, "da mun bar shi ya kwanta a wurin nan, da gawarsa za mu sauko da ita."

Wannan ɗan saɓani ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, Hausa na bukatar kalmomin da za ta yi bayanin hawan tsauni mai nisan sama da su, kuma idan muka bar aikin a hannun fassarar kalma da kalma, za mu samar da sunayen da za su ɓatar da mai sauraro a daidai lokacin da ransa ya rataya a kan fahimta. Kayan aikin kuwa muna da su a gida, a cikin harshen fatake da na mazauna duwatsu, sai dai masu riƙe da su suna ƙarewa.

Ya kamata a fara da abin da ke faruwa a jiki, domin Bahaushe bai gaji wannan ciwo ba. Ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce. Tsauni mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Mafi tsawo a Nijar, cikin duwatsun Bagazam na ƙasar Azbin, mita 2,022. Ciwon da ake magana a kansa kuwa galibi yakan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama. Ke nan mutum na iya hawa kowane dutse daga Dala har Mambila bai gamu da shi ba. Sai ya je dutsen Kamaru mai mita 4,040, ko Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895. A can sama rabon oksijin a cikin iska bai canja ba, yana nan kashi 21 cikin 100, amma iskar kanta ta yi shara-shara, ta yadda a ƙololuwar Kilimanjaro numfashi ɗaya yakan kawo wa huhu kimanin rabin abin da yake kawowa a bakin teku. Jiki yana iya gyara kansa: numfashi ya ƙara sauri, ƙoda ta daidaita jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Amma wannan gyara kwanaki yake ci. Wanda ya riga jikinsa isa sama, shi ne zai fara da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Idan ya nace, ruwa ya taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Tangaɗi da sambatun da ɗalibina ya gani alamar kumburin ƙwaƙwalwa ce, kuma babban maganinta a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Baturen da ke hawa tare da mu: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma nisan sama na iya tayar wa irinsu da ciwon saifa ko da ba su taɓa sanin suna ɗauke da ita ba.

Saboda haka masu shirya hawa suka tsara tafiyar daki-daki. Ƙa'idar da likitocin fannin suka fi yarda da ita ita ce, bayan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa ware kwanan hutu bayan kowane kwana uku ko huɗu. A hanyar Machame, ɗaya daga cikin hanyoyin hawa Kilimanjaro, akwai ranar da ake tashi daga Shira, a hau har wajen mita 4,600, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Baƙo zai ga kamar an yi asarar wuni guda, an sha wuya an dawo inda aka fito. A wannan wunin ne jiki ke ɗanɗana abin da ke gabansa, ya koma ƙasa ya shirya. Dokar wurin ba ta yarda kowa ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba, kuma kalmar da jagororin suka fi nanatawa da Suwahili ita ce "pole pole", wato sannu sannu.

Duk wanda ya karanci tarihin fatauci zai ji wannan tsari bai zame masa baƙo ba. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, wanda Paul Lovejoy ya yi nazarinsa a littafinsa na 1980, yana da madugu wanda maganarsa ce yankan hukunci, yana da jagaba da ke wucewa gaba duba hanya da wurin sauka. Tafiyar an yanka ta zango-zango, kuma ba ƙarfin saurayin da ya fi kowa sauri ke auna tsawon zango ba, a'a, ruwa ne da kiwo da halin jakuna. Mai kaya a kai yana da loko, inda zai jingina kayansa ya numfasa kafin a kai zango. Har Azbinawan da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri da kalmar madugu suke kiran shugaban ayarinsu. Ban ga dalilin da zai sa mu kira shugaban masu hawa "jagoran yawon buɗe ido" ba, alhali ga madugu. Bambancin ba na ado ba ne. Jagoran yawon buɗe ido ɗan aikinka ne, ka biya shi, kana iya yi masa gardama. Madugu kuwa uban tafiya ne. Idan ya ce a juya, an juya. Mutumin da ya tara kuɗi shekara biyu, ya zo saura tafiyar sa'a uku ya taka ƙololuwa, ba zai saurari ɗan aiki ba idan aka ce masa ya koma. Ga shi kuma ciwon da kansa yana taɓa hankali, mai shi yakan rantse lafiyarsa ƙalau. Sunan da ya shigo da shi a ka tun daga gida yana cikin abubuwan da za su sa ya bi umarni ko ya ƙi.

Inda na fi so mu tsaya shi ne kan sunan da za a ba wannan sabawa ta jiki. Abin da zai fara zuwa bakin mai fassara shi ne "sabawa da yanayi". Ba kuskure ba ne, amma lami ne, kuma "yanayi" ta riga ta gaji da aiki: ita ce zafi da sanyi, ita ce halin siyasa, ita ce sauyin da ke narkar da ƙanƙarar kan Kilimanjaron kanta. Bahaushe yana da wata hanya ta faɗin wannan abu wadda ta fi tsufa. Idan amarya ta tare a wani gari ta yi ƙiba ta yi haske, sai a ce garin ya karɓe ta. Idan ɗan ci-rani ya dawo a rame, sai a ce wurin bai karɓe shi ba. A lura da ginin jimlar: wuri shi ne aikau, mutum kuma karɓau. Mutum ba ya tilasta wa gari ya karɓe shi. Iyakarsa ya zauna ya jira, idan kuma abin ya ƙi, ya kwashe kayansa ya bar wurin. Wannan ita ce ainihin dabarar hawa sannu sannu, kuma tana ƙunshe da gaskiyar da likitoci ke faɗa, cewa ƙarfin jiki da ƙuruciya ba sa kare mutum daga ciwon. Na tambayi ɗalibin nawa yadda suka ƙare da kawunsa. Ya ce daga baya ya sake lale, ya ce dutsen ne bai karɓi mutumin ba, shi ya sa suka sauko da shi. Dattijon ya amsa da cewa ai kuwa sun yi daidai, inda ba a karɓe ka ba ba ka kwana. Ban tsammanin ya bar tunaninsa na masu dutse, amma jimlar ta kai shi ga matakin da ya dace, abin da "matsalar iska" ta kasa yi.

Matsalar kalmar iska ba sai an yi wa manazarcin Hausa dogon bayani ba. Ita ce abin shaƙa, ita ce kuma mutanen ɓoye, ga shi duwatsu su ne sanannen mazauninsu a tunanin Bahaushe tun daga Tsumburbura da Barbushe a Dala har Magiro a Kwatarkwashi. Haɗa dutse da iska da sambatu a jimla ɗaya, ka gama yi wa mai sauraro fassara. Mun kuwa taɓa ganin abin da suna ke jawowa. Shan inna sunansa daga Inna ta bori ya samo asali, kuma shekaru da yawa iyaye na kai yaran da ƙafarsu ta shanye wurin masu iskoki, domin sunan ya riga ya nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ban ce sunan ne ya haddasa ƙauracewa rigakafin da aka yi a 2003 ba, wannan yana da nasa dalilan, amma bai taimaki ma'aikatan lafiya ba. Don haka ba na goyon bayan "ciwon iskar dutse", ko "ciwon dutse" ma, wanda zai bi sahun "ciwon daji" wajen barin ƙofa a buɗe. Na fi karkata ga "ciwon saurin hawa". Yana da ɗan tsawo, na sani, kuma bakin jama'a zai iya datse shi yadda ya ga dama, amma yana faɗin sanadin a cikin sunan, wanda ya ji shi kuma ya san cewa kishiyarsa ce kariya.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, Hausawa nawa ne ke hawa Kilimanjaro? Mutanen da gona ma ta gagare su zuwa, ina ruwansu da ƙololuwar wani dutse a Tanzaniya? Amsa ta farko mai sauƙi ce: gidajen rediyo na Hausa suna kawo labarin mace-macen da ake yi a Everest kusan kowace shekara, malamin kimiyya yana bayanin numfashi a aji, matasanmu kuma sun fara zuwa, ko mun shirya musu kalmomi ko ba mu shirya ba. Amsa ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma ita ce ta mayar da ni ƙasar Pauwa.

Yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar duwatsu ce, kuma sarautar hakimin Ƙanƙara har yau Sarkin Pauwa ce. Waɗannan duwatsu ba su kai tsawon da za su sa kowa ciwon saurin hawa ba, amma sun raini mutanen da suka san hawa: mafarauta, da masu ɗibar zuma, da makiyayan da suka san wane kogo ke riƙe ruwa har bazara. A bakinsu ne ake samun rarrabewa tsakanin fa da falale da tsauni da hayi da kwazazzabo, da sunayen irin takun da ake yi a kan dutse mai santsi, da yadda na gaba ke sanar da na baya. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana wasu daga cikin kalmomin, amma ƙamus kan ba da ma'ana ne, ba ya nuna yadda ake amfani da kalma a lokacin da ƙafa ke rawa a gefen rami. Yau kuwa idan sunan Pauwa ya fito a labarai, a cikin sanarwar tsaro yake fitowa. Ta dazukan yankin aka kora ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. A watan Agustan 2025 kuma hukumomi suka ba da sanarwar kuɓutar da mutum 76 daga dutsen Pauwa. Yaron da aka haifa a wannan yanki cikin shekaru goman nan, dutse a wurinsa wurin da ake kai mutum ne a ɗaure. Ba zai bi kakansa hawa ba, ballantana ya ji sunan da kakan ke kiran kowane lungu da shi.

Ba na kiran kowa ya ɗauki rakoda ya nufi dutsen Pauwa. Wannan ganganci ne. Dattawan da ake nema da yawansu sun baro ƙauyukansu, suna zaune a cikin garin Ƙanƙara da Funtuwa da Malumfashi da birnin Katsina, wasu a gidajen dangi, suna da lokaci fiye da yadda suke so. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna da ɗalibai 'yan asalin yankin, masu jin karin harshen, waɗanda dattawan za su saki jiki da su. Kundin digiri na biyu guda biyu ko uku sun isa a fara: ɗaya kan sunayen sassan dutse da sunayen wurare, ɗaya kan kalmomin hawa da jagoranci a bakin mafarauta da masu zuma. Abin da aka tattara sai a zauna da likitan huhu da wanda ya taɓa hawa tsauni mai nisan sama, a gwada kowace kalma a kan mai sauraron da bai yi boko ba, a ji matakin da zai ce a ɗauka idan abokin tafiyarsa ya fara sambatu a mita 4,600.