Chamonix: Garin da masu yi masa hidima ba su da wurin kwana a cikinsa

A gindin tsaunin Mont Blanc, kusa da inda iyakokin Faransa da Italiya da Suwizalan suka haɗu, akwai ƙaramin garin Chamonix. Nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, kuma har yau attajirai na tururuwa can don wasan zamiya a kan ƙanƙara da hawan duwatsu. Kuɗi na shiga garin ba ƙaƙƙautawa, amma mutanensa na ficewa. A 1999 mazaunansa sun kusa 9,800, yanzu kuwa ba su kai 9,000 ba.

Dalilin yana cikin gidajen. Kimanin kashi 70 cikin 100 na gidajen Chamonix ba mazaunin kowa ba ne na dindindin. Wasu na masu hannu da shuni ne daga Paris ko Janeba ko Landan, waɗanda ke zuwa su yi 'yan makwanni su kulle su tafi. Wasu kuma ana ba da su haya ga baƙi ta Airbnb da makamantansa, domin abin da mai gida zai samu a mako guda na lokacin ƙanƙara yana iya zarce hayar wata guda daga hannun ɗan gari. Farashin murabba'in mita ɗaya na gida yakan kai Yuro 10,000, wato fiye da miliyan 6 da rabi na kuɗin CFA. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi a Faransa, kimanin Yuro 1,400 a wata bayan an cire abin cirewa, sai ya haɗa albashin wata bakwai bai taɓa ko sisi ba kafin ya sayi wurin da bai wuce shimfiɗar sallaya ba.

Aiki kuwa akwai shi. Otal-otal da gidajen abinci da kantuna na neman masu dafa abinci, masu wanke-wanke, masu gyaran ɗakuna da direbobi, musamman a hunturu da bazara. Sai dai wanda aka ɗauka aiki dole ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa. Da yawa sun koma garuruwan da ke ƙasan kwarin, irin su Passy da Sallanches, suna hawowa kullum da safe. Wasu ma'aikatan wucin gadi a cikin motocinsu suke kwana duk da tsananin sanyi. Idan matasan ma'aurata suka tafi, yara na raguwa a makarantu, garin kuma yana ƙara tsufa.

Hukumomi sun fara motsawa. Tun 2023 gwamnatin Faransa ta faɗaɗa jerin garuruwan da ke da ikon ƙara harajin gida na biyu har da kashi 60 cikin 100. A watan Nuwamba na 2024 aka kafa dokar da ake kira Le Meur, wadda ta rage sassaucin harajin da masu ba da hayar gajeren lokaci ke mora. Ta kuma bai wa garuruwan da gidajen hutu suka haura kashi 20 cikin 100 damar keɓe wuraren da ba za a gina komai ba sai gidan zama na dindindin. A watan Maris na 2025, ƙarƙashin magajin gari Éric Fournier, Chamonix ta shiga sahun farko wajen amfani da wannan dama, inda sabon tsarin gine-ginenta ya toshe hanyar gina sabbin gidajen hutu. An kuma taƙaita yawan gidajen da mutum ɗaya zai iya bai wa 'yan yawon buɗe ido haya.

Matakan na da ma'ana, amma ba su taɓa tushen matsalar ba. Dokar ta shafi abin da za a gina nan gaba, alhali kwarin matsattse ne, ga haɗarin zaftarewar ƙanƙara, filin ginin da ya rage kaɗan ne. Dubban gidajen da ke kulle suna nan yadda suke, kuma hana gina sababbi na iya ƙara musu daraja. Maƙwabciya Suwizalan ta riga ta bi wannan hanya, tun da masu zaɓe suka amince a 2012 a tsayar da gidajen hutu a kashi 20 cikin 100, amma gida bai yi araha a Zermatt ko Verbier ba. Ƙarin haraji ma ba ya girgiza wanda ya iya sayen gidan miliyoyin Yuro.

Abin da zai sauya lamarin shi ne a mayar da wani ɓangare na gidajen da ake da su hannun mazauna: hukuma ta saya ta ba da haya mai rahusa, a sa hayar shekara ta fi ta mako riba, masu otal kuma su ɗauki nauyin masaukin ma'aikatansu. Duk wannan na buƙatar kuɗi, kuma zai taɓa aljihun 'yan garin da su ma ke cin abinci daga hayar baƙi. A nan ne za a ga ko hukumomin Chamonix na da ƙarfin halin ƙarasa abin da suka fara.