ZAUREN IYALI: Burodi da garin zogale



Duk wanda ya fito da sassafe a nan Dougoï, ko a kowace unguwa ta Marwa da Garwa, zai ga yara sun nufi makaranta kowa da guntun burodi a hannu. A zamanin ƙuruciyarmu da ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka ake karya kumallo, ko kunu da ƙosai. Yau shayi da burodi sun karɓe safiya a yawancin gidajenmu, kuma ba mu ga laifin uwar da ke shirya yara biyar kafin ƙarfe bakwai ba. Sai dai ya kamata mu san abin da muka yi musaya da shi.

Alkamar burodin nan daga waje ake shigo da kusan dukkanta ta tashar jirgin ruwa ta Duwala, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sandar burodi ta tashi daga sefa 125 zuwa 150. Wajen niƙa kuwa ana fitar da dusa da ƙwayar tsiro, inda mafi yawan amfanin alkama yake. Don cike wannan gibi ne gwamnatin Kamaru ta wajabta wa masana'antun niƙa, tun 2011, su riƙa zuba sinadarin ƙarfe da wasu sinadarai masu gina jini a cikin fulawa. Mataki ne mai kyau. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, kuma tsumburewar yara ta fi tsanani a nan arewa.

To ga zogale a bayan kusan kowane gida, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira giliganja. Busasshen ganyensa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, ga ƙarfe, ga abin da ke ƙarfafa ƙashi, ga abin da jiki ke mayarwa bitamin A mai kare ido. Masana abinci sun gwada cuɗa garinsa da fulawa, kuma abin da suka gani shi ne muka gani a gidanmu: kaɗan yana gyarawa, da yawa yana ɓatawa. Karon farko uwargida ta cika hannu, gurasar ta fito kore shar, ta ƙi tashi, ga ɗaci, yara suka ce wannan sai awaki. Dalili kuwa, danƙon alkama ne ke riƙe iskar yis har ƙulli ya kumbura. Garin ganye ba shi da wannan danƙo, in ya yi yawa sai ya tsinka shi. Yanzu cokalin cin abinci uku muke sa wa kilo ɗaya na fulawa, wato giram 20 zuwa 30, a tankaɗe su tare kafin a zuba ruwa. A haka launi ya ɗan sauya, ɗanɗano bai tafi ba, kuma da fanke da makala duk sun karɓa. Kuka ba ta yi mana ba, yauƙinta ya hana ƙullin kamawa yadda ake so. Miya ce gidanta.

A wanke ganyen, a shanya shi a inuwa, cikin ɗaki mai iska, domin rana tana cinye bitamin A, shanyar bakin hanya kuma tana kwasar ƙura da tsakuwa. Ganye kaɗai muke nufi, ban da saiwa da ɓawo. Ƙarshen damina ne lokacin tarawa, kafin itacen ya kaɗe.

Akwai abin da ya fi damunmu, kuma ba mu cika jin ana faɗinsa ba. Baƙin shayi yana ɗaure sinadarin ƙarfe a cikin ciki ya hana jiki ɗaukarsa, musamman ƙarfen da ya fito daga tsiro. Ke nan uwa za ta wahala ta daka zogale, sannan kofin shayi mai kauri ya tafi da rabin wahalarta. Ga yara ƙanana, gara a ba su burodin da kunun gyaɗa, a biyo da gwaiba ko mangwaro ko lemo in da hali, don bitamin C na taimaka wa ƙarfe shiga jini, na cikin ganyen kuwa zafin tanda ya riga ya ƙone shi. Ɗan mai ko tunkuza a kan burodin shi ma yana taimaka wa bitamin A.

Kada kuma mu ɗora wa cokali uku abin da ba za su iya ɗauka ba. In aka raba kilo ɗaya ga mutum goma, abin da kowa ya samu bai kai na kwano ɗaya na kwaɗon zogale ko miyar tafasa ba. Yaron da tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, asibiti za a kai shi, don zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna shanye jini. Mai juna biyu kuma ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a wurin awo, ko da kullum tana cin wannan burodi.