Allurar Sin ba ta miƙar da yatsa

"Ai babu laifi a gwada." Da wannan maganar wani likita, likitan asibiti mai takardar shaida, ya rufe shirin lafiya na rediyo a makon jiya, bayan baƙonsa ya kwashe rabin awa yana faɗa wa jama'a cewa tsira allurai irin na ƙasar Sin, wato akufanca, yana miƙar da yatsun da suka lanƙwashe, muddin aka haɗa da tausa da man zaitun safe da yamma. Waɗanda suka saurara sun san shirin, ba sai na kama suna ba. Baƙon bai dame ni ba, kasuwarsa yake ci, kuma ya biya kuɗin fili. Likitan ne ya ba ni haushi, shi da duk 'yan bokon da suka mai da wannan jimla mafakarsu duk lokacin da suke jin kunyar cewa a'a.

Akwai laifi a gwada, kuma babba ne.

Ciwon da suka yi ta ambato da Turanci don su burge masu sauraro shi ne wanda ake kira da sunan Dupuytren, wani likitan fiɗa na Faransa da ya yi wa irin wannan hannu aiki a birnin Paris a 1831, tun kafin a san maganin sa barci a ɗakin tiyata. A ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wani tantani mai ƙarfi da ke riƙe fata kada ta riƙa zamewa idan mutum ya damƙi abu. A wannan ciwo tantanin ne yake kauri. Da farko ɗan ƙullutu ne yake fitowa a gindin yatsa, mutum ya ɗauka kanta ce ta aikin fartanya. Bayan shekaru ƙullutun ya zama igiya mai tauri da ta tashi daga tafi ta shige cikin yatsa, sai ta fara gajarta tana janyo yatsan ciki. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi, wanda ake sa wa zobe, su suka fi kamuwa. Ya fi kama maza da suka haura hamsin, ana gadonsa, kuma ciwon suga da shan taba da giya suna ƙara masa ƙarfi.

Wanda bai ga mai ciwon ba zai ce ai yatsa ɗaya ne. Ka tsaya kusa da shi wajen alwala ka gani. Ya ɗebo ruwa zai wanke fuska, yatsan ya tsokane masa ido. Zai sa hannu a aljihu, yatsan ya maƙale a bakin aljihun. Ya miƙa hannu a gaisa, ya karci tafin wanda yake gaisawa da shi, har ya koma yana gaisuwa da baki kawai ana cewa ya fara girman kai. Idan ya yi sujada, tafinsa ba ya kwanciya a kan darduma, sai ya yi rumfa. Wannan na ƙarshen ma shi ne gwajin da likitocin hannu suke yi, sai dai su a kan tebur suke cewa a ɗora: idan tafi ya ƙi shimfiɗuwa, lokacin zuwa asibiti ya yi.

To, a gaya mini ta yaya siririyar allura da aka soka a fatar gwiwar hannu ko a kunne za ta kwance wannan igiya. Akuya ce aka ɗaure a turke, kai kuma kana sosa mata kunne kana jiran ta kai bakin rafi. Masu akufanca da kansu, idan suna magana a gaban waɗanda suka san abin, iyakar abin da suke iƙirari shi ne rage zogi. Wannan ciwo kuwa yawanci ba ya zogi. Ƙullutun kan ɗan yi tsami a farko, sannan ya daina, yatsa ya ci gaba da lanƙwashewa shiru. Saboda haka ko an yarda da duk abin da suke faɗa game da sana'arsu, suna sayar da maganin abin da mai ciwon bai kawo ƙararsa ba.

Ko zogin ma da sauran magana. A Jamus an yi wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2007, a kan mutum 1,162 masu ciwon baya. An tsira wa wasu allurai a ainihin wuraren da littattafan Sin suka tsara, wasu kuma aka tsira musu sama-sama a wuraren da babu su a kowane littafi. Kashi 47.6 cikin ɗari na rukunin farko suka samu sauƙi, na biyu kuma kashi 44.2. Wato taswirar nan ta hanyoyin iska a jiki da ake ratayewa a bango, wadda ake nuna wa mara lafiya da sanda, ko an bi ta ko ba a bi ba duk ɗaya. Masu akufanca za su yi caraf su ce ai duka rukunonin biyu sun fi waɗanda aka ba maganin asibiti samun sauƙi. Haka ne. Mutum ya kwanta rabin awa ana lallaɓa shi ana tambayarsa ya jiki, dole ya tashi da daɗin rai. Wanzamin unguwarmu ma yana ba da wannan, kuma bai taɓa cewa ya yi karatu a Beijing ba.

Sai kuma zancen da ba sa gajiya da shi, wai akufanca ta shekara dubu biyu. Sarkin Sin da kansa ya sa aka cire akufanca daga makarantar likitocin fada a 1822. Shugaba Mao ne ya farfaɗo da ita bayan 1949, lokacin da yake da ɗaruruwan miliyoyin talakawa babu likitocin da za su duba su, kuma likitansa na musamman, Li Zhisui, ya rubuta daga baya cewa shi Mao bai yarda a yi masa da maganin gargajiyar ba. Turawan Yamma kuma sun ruɗe ne a 1971, da wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya kwanta asibiti a Beijing. Likitoci suka cire masa afendis da wuƙa da maganin kashe zafi irin na kowane asibiti, bayan an gama aka tsira masa allurai saboda kumburin ciki. Labarin ya isa Amurka ya rikiɗe, kowa na cewa da allura aka yi masa fiɗa. Rabin ƙarni ke nan, ga shi ya iso gidajen rediyonmu, ya ƙara ƙiba a hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayon da baƙon ya yi, likitan kuma ya yi gum. Baƙon ya ce ai ko a Turai da allura ake warkar da wannan ciwo. Gaskiya ne, kuma a nan sharrin yake. Tun shekarun 1970 likitoci a Paris suka fito da hanyar da ake sa bakin allurar asibiti a jikin igiyar, a yi ta datsa ta a wurare da dama bayan an kashe zafin wurin, sannan a ja yatsan har a ji ta tsinke. Yanka ne, da allura a madadin wuƙa, kuma wanda ya san inda jijiyoyin ji da na jini suke shi yake yi, don suna nan manne da igiyar. Ba ta da wata dangantaka da akufanca. Ita ma ba ta raba mutum da ciwon har abada: wani bincike a Holan ya bi marasa lafiya shekara biyar, ya ga ciwon ya dawo wa kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa da allura, da kusan kashi 21 na waɗanda aka buɗe aka cire musu tantanin. Akwai kuma allurar Xiaflex mai narkar da igiyar, wadda Amurka ta amince da ita a 2010. Likitan fiɗa zai zaunar da kai ya faɗa maka waɗannan alƙaluma, har da marasa daɗin. Mai akufanca bai taɓa faɗin sau nawa ya gaza ba. Da a ce tsira allurai yana aiki, da Margaret Thatcher ba ta kwanta an yanka mata hannu saboda wannan ciwo a 1986 ba, haka Ronald Reagan a 1989. Ba kuɗin zuwa Beijing suka rasa ba.

Su kuma masu cewa "ai na ga wanda aka yi wa ya samu sauƙi", ku ji. Ciwon nan ba ya tafiya da sauri ɗaya. Mutane da yawa ƙullutun ne kawai zai fito ya tsaya shekara da shekaru bai taɓa yatsa ba. Irin waɗannan su ne ribar mai allura. Ya karɓi kuɗin zama goma, ciwon da dama ba zai motsa ba bai motsa ba, shi ke nan an samu mai ba da shaida a rediyo. Wanda nasa ya ci gaba kuwa za a ce masa bai cika ƙa'ida ba, ya sha ruwan sanyi, ko ya zo a makare.

A makaren ma su suka jawo. Gaɓar gindin yatsa tana da haƙuri, ko ta daɗe a lanƙwashe ana iya miƙar da ita. Gaɓar tsakiya ba ta da wannan haƙurin. Idan ta daɗe a naɗe, ita kanta gaɓar ƙanƙancewa take yi, ko an cire igiyar ba lallai ta miƙe sosai ba. Kowane watan da aka ɓatar ana tausa da ɗaure yatsa da kara irin na masu ɗori, daga rabon wannan gaɓa ake cire shi. Man zaitun zai gyara maka fata, ban hana ba. Ka bar taba, ka kula da suga, ka sa safar hannu mai kauri idan za ka riƙe ƙarfe. Iyakar kula da kai ke nan, kuma babu ɗaya a ciki da zai miƙar da yatsan da ya riga ya tafi.

Duk wannan ma a kan wanda da gaske Dupuytren ɗin yake da shi ne. Ciwon ya fi yawa a arewacin Turai, wajen su Norwe da Birtaniya, a tsakanin baƙar fata kuwa ba shi da yawa. Mutumin Gaya ko na Tasawa da ya ji bayanin nan a rediyo ya duba hannunsa ya ce "ai ni ne", wataƙila wani abin daban ne yake damunsa. Ƙunar da ta warke ba a kula ba tana janye yatsu. Shanyewar ɓarin jiki tana dunƙule hannu. Suga tana ƙandarar da gaɓoɓi. Sai kuma wadda ba a son ambata, kuturta. Idan ta ci jijiyar da ke bi ta gwiwar hannu, yatsun da take fara lanƙwasawa su ne ƙaramin da na kusa da shi, daidai waɗanda aka siffanta a shirin. Najeriya tana samun sababbin masu kuturta sama da 2,000 a shekara. Maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, wata shida ko goma sha biyu. Jijiyar da aka cim ma da wuri, cikin watannin farko, ana iya ceto ta, wadda ta mutu kuwa ta mutu. Sannan hannun mai kuturta ba ya jin zafi, shi za a bi da allurai da ruwan ɗumi. Wannan ne gwajin da likitanmu ya ce babu laifi a cikinsa.

Na san za a ce na cika zafi a kan masu maganin gargajiya, kamar yadda aka ce lokacin da na yi rubutu a kan motocin nan masu lasifika da ke tsayawa a bakin kasuwa da tasha suna zuba batsa a kunnen yaranmu da sunan maganin basir da sanyi. An ce ina raina gadon iyaye. To yau wane gado ne? Kakan wa ya zo da akufanca? Tsohon mai lasifikar ne ya sa farar riga, ya sayi kwalin allurai da hoton mutum mai ɗigo-ɗigo, ya bar bakin tasha ya hau bene. Da ma can gidajen rediyon ba su taɓa tambayar abin da ke cikin kwalba ba, rasit kawai suke dubawa. Haka aka yi ta tafa wa Yahya Jammeh a 2007 da ya ce yana warkar da ƙanjamau a Gambiya, ya sa mutane suka ajiye magungunansu. A lokacin ma akwai masu digiri da suka ce a bari a gwada.

Kuma don Allah a daina fakewa da Hukumar Lafiya ta Duniya. E, a 2019 ta sa babin maganin gargajiya a kundinta na rarraba cututtuka. Kundin ƙidaya ne, na rubuta abin da mutane suke zuwa da shi, ba takardar shaidar warkarwa ba, kuma ko a haka masana da yawa sun soki matakin. Lambar NAFDAC da ake ɗaga kwalba ana nunawa ita ma haka take. Ku juya kwalbar ku karanta ƙananan rubutun da ke jiki, za ku ga an ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Mai yatsa a lanƙwashe ya nufi asibiti a fara gano mene ne, a auna suga, a duba fata da jijiya. A Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, kuma asibitocin koyarwa suna da likitocin fiɗar gyaran jiki. Ku kuma masu gidajen rediyo, idan kun ga ba za ku iya barin kuɗin masu allura ba, ku karɓa, amma ku kira abin da sunansa na talla, ku daina zaunar da likita a gefensu yana ba su aron rigarsa.